Maganar allurar Japan mai tsiro da hakori, da abinda nake so kayi kafin ka bari a cire naka

Wa'alaikumussalam Malam, kayi hakuri tun shekaranjiya naga tambayarka aiki ne ya rike ni, kuma ba irin tambayar da zan amsa da layi biyu bace. Kace ka ga bidiyo a Facebook ana cewa a Japan sun hada allurar da take sa hakori ya sake fitowa, kai kuma mataunin ka na kasa yau wata biyu kenan yana hana ka barci, kana da ciwon suga, shine kake tunanin kawai kaje a cire shi tunda sabo zai fito nan gaba. Sannan ka kara da maganar 'yarka mai shekara hudu da hakoranta na gaba suka fara baki suna gutsurewa. To bari na dauke su daya bayan daya, amma tun daga farko ina rokonka dan Allah kada ka cire hakorin nan saboda wannan bidiyon.

Labarin ba karya bane, akwai shi. Wani likita ne a Japan sunansa Katsu Takahashi, yana aiki a asibitin Kitano dake birnin Osaka, ya dade yana bin wannan bincike shida abokan aikinsa na jami'ar Kyoto. Abinda suka lura dashi shine akwai wani sinadari a jiki da suke kira USAG-1, aikinsa kamar birki ne, shine yake taka wa 'ya'yan hakori birki kada su cigaba da girma bayan wadanda Allah ya tsara mana, wato ashirin na yarinta da talatin da biyu na girma. Da suka sami berayen da basu da wannan sinadarin sai suka ga hakoransu sun fi na sauran yawa. Daga nan suka hada maganin da yake toshe shi, suka yiwa beraye hakori ya fito, suka yiwa wata dabba mai kama da tunku itama ya fito, a 2021 suka fitar da wannan sakamakon. Sai a karshen 2024 aka fara gwadawa a jikin mutane a asibitin jami'ar Kyoto, maza talatin ne kacal masu shekara 30 zuwa 64, kuma wannan gwajin na farko ba wai dan a ga ko hakori zai fito akayi shi ba, dan a tabbatar maganin baya cutarwa ne. Wadanda suke nufi dashi da farko ma ba irinka bane da tsutsa kamar yadda ake cewa ta cinye hakori, yara ne kanana da aka haifa babu tushen wasu hakoran gaba daya, su kansu masu binciken shekarar 2030 suke fata ya shiga kasuwa in komai ya tafi daidai, kuma magani da yawa yana yin kyau a bera yazo kan mutum ya tsaya. To ka lissafa, a gama gwaji, a amince dashi a can, a gwada shi a kan manya da suka rasa hakori ta hanyar cirewa, NAFDAC ta duba shi, ya iso Kano da kudin da dan kasuwa zai iya biya. Kai kuma daren yau ne baka barci.

Sannan akwai abinda bidiyon bazai gaya maka ba. Ranar da aka cire hakori kashin da yake rike dashi yana fara zaizayewa, mafi yawan zaizayar a watanni shida na farko take faruwa, na kusa dashi ya fara kwantowa cikin gurbin, na sama da ya rasa abokin tauna ya fara zubowa kasa, abinci ya dinga makalewa a tsakani. Na sha ganin wanda aka cirewa matauni daya yana da shekara talatin, bayan wasu shekaru ya dawo da matsalar hakora uku a wannan gefen.

Ni a wajena babban cigaban da aka samu a aikinmu cikin shekarun nan ba wannan allurar bace, canjin tunani ne. Da can abinda aka saba shine in ka ga rami ka kwakule shi tas har sai ka tarar da farin hakori mai tauri, in ka huda jijiya garin haka to sai kashe jijiya ko cirewa. Yanzu bincike ya nuna ba sai an kwashe komai ba, ana share gefe-gefen ramin sosai, a bar dan abinda yake dab da jijiya, a toshe shi ruf yadda ko miyau bazai shiga ba, kwayoyin cutar da suka rage a ciki sun rasa abinci sai su tsaya cak. A 2015 masana daga kasashe da dama suka hadu suka amince da wannan hanyar, suka fitar da matsayarsu a rubuce a 2016. Ko jijiyar ma, da in babba yazo da ciwon da yake tashinsa cikin dare kai tsaye ake cewa sai an cire jijiyar gaba daya har cikin saiwa, abinda muke cewa rut kanal. Yanzu akwai hali na tsakiya, a yanke bangaren jijiyar na sama da ya kumbura kawai, in jinin ya tsaya cikin 'yan mintuna alamar ta kasa lafiyarta kalau, sai a rufe ta da wani gari da ake kira MTA ko danginsa, hakorin ya cigaba da rayuwa. Shi wannan garin a Amurka aka samar dashi a shekarun 1990, a jami'ar Loma Linda, kuma asalinsa dangin simintin gini ne da aka tace aka tsaftace aka kara masa abinda zai sa a ganshi a hoto, jiki baya kinsa, har wani sabon bango hakorin yake ginawa a karkashinsa. Kungiyar likitocin jijiyar hakori ta Turai a 2019 da ta Amurka a 2021 duk sun fitar da matsaya suna goyon bayan a dinga kokarin ceton jijiya in da hali. Ko naka zai karbi wannan ko sai rut kanal cikakke, ko kuwa ya riga ya farfashe har kasan dasashi babu abinda za'a dafa, wannan sai an bude baki an duba an dauki hoto. Wata biyu yana ciwo lokaci ne mai tsawo, kowane sati da ka kara zabin yana raguwa.

Nasan kuma a wata biyun nan ba zama kayi ba. Irin abinda nake ji kullum shine an je kemis an hado Ampiclox da Flagyl da maganin kashe zafi, ya lafa kwana hudu ya dawo, a sake hadowa. Malam wannan yana daga abinda yake damuna kwarai. Ciwon hakori mafi yawa ba rashin antibayotik bane, jijiya ce ta kumbura a cikin daki mai bango hudu da babu inda zata fadada, in kuma ta mutu jini baya shiga ciki balle maganin da ka hadiya ya isa wajen. A 2019 kungiyar likitocin hakori ta Amurka ta fito fili tace a daina bada antibayotik ga ciwon hakorin da babu zazzabi ko kumburin da yake yaduwa, aikin hannu shine maganinsa. Abinda bincike ya nuna ya fi kashe zafin shine hada farasitamol da aibufurofen, amma kai da kake da suga kada ka dinga shan aibufurofen da danginsa kai tsaye sai likitanka ya duba kodarka, haka mai gyambon ciki da mai ciki. Kanumfari da ake dannawa a ramin yana rage zafi da gaske, man da yake cikinsa mu kanmu muna amfani dashi a wasu kayan ciko, amma rage zafi kawai yake yi. Ruwan batir kuwa, ko fetur, ko danne kwayar asfirin a kan dasashi, wallahi naga bakin da suka kona har fata ta sabule, dan girman Allah kada wani ya baka wannan shawarar ka dauka.

Maganar tsutsa kuma, babu tsutsa a cikin hakori. Masu zagayawa da kwalba a kasuwa da tasha suna turara maka hayaki suna nuna maka wani abu fari a ruwa, ba daga bakinka ya fito ba. Abinda yake faruwa shine kwayoyin cuta ne da ido baya gani suke zaune a farin dattin nan mai laushi da yake manne a hakori, duk sanda ka sa abu mai suga a baki sai su cinye su fitar da tsami, tsamin ya fara narkar da bawon hakori, sai miyau ya dauki kamar rabin awa ko fiye kafin ya wanke ya fara gyara barnar. Shi yasa yawan lokutan da kake kai zaki baki yafi yawan zakin kansa illa. Wanda ya zauna a shago a Kwari ko Singa da kwalbar lemo a gefe yana kurba kadan-kadan daga azahar zuwa la'asar, ga shayi da safe ga na mai shayi da dare da suga cokali hudu, bakinsa baya fita daga tsami sam. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 tace suga kada ya wuce kashi goma cikin dari na kuzarin da mutum yake samu daga abinci a yini, in an iya ma kashi biyar, wanda ga babba bai wuce karamin cokali shida ba a yini, kwalbar lemo daya kuwa ta haura haka.

Yanzu ga inda nake so ka natsu sosai, ciwon sugan ka. Mutane da yawa a garin nan suna zuwa kilinik din suga duk wata, ana duba kafa ana duba ido, amma babu mai daga lebe ya kalli dasashi. Alhali abin hanya biyu ne, suga in yayi yawa yana raunana dasashi ya sa ciwonsa yayi saurin cin kashi, shi kuma dasashin da yake a kumbure kullum yana zuba abubuwan kumburi cikin jini da suke hana insulin aiki yadda ya kamata. A 2022 masu tattara bincike na Cochrane suka hada gwaje-gwaje sama da talatin da akayi akan masu suga, suka samu cewa wanke karkashin dasashi kawai yana sauke awon nan na wata uku, HbA1c, da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa hudu. Wanda bai san awon ba zai ga kamar kadan ne, amma tambayi likitan sugan ka, saukin da wani lokacin sai an kara maka wata kwaya ake samunsa. To in kana ganin jini a buroshi ko a asuwaki, ko iyalinka tana ce maka bakinka yana wari duk da kana wankewa, ko wani hakori ya fara motsi, wannan ba "dankanoma" bane ba kuma zafi bane, ciwon dasashi ne kuma yana da magani in an tare shi da wuri.

Nasan abinda za'a ce maka, wai wankin hakori a asibiti yana sa hakora su bude su fara girgiza. Wannan maganar tana bani takaici saboda ta hana mutane da yawa zuwa har suka rasa hakoransu. Abinda yake faruwa shine dattin ya shekara yana daskarewa ya zama kamar dutse, yana cin kashi a hankali yana cike gurbin da ya cinye, ranar da aka fasa shi aka cire sai ramin da ya dade da yi ya bayyana, mutum yace injin ne ya bude masa hakori. Barnar ta riga ta faru, wankin ne ya tsayar da ita. Wani abu kuma in kana shan maganin hawan jini irin amlodifin ko nifedifin, wasu mutane yana sa dasashinsu ya kumbura ya hau kan hakora, ka gayawa likitan hakorin duk abinda kake sha, amma kada ka daina shan magani da kanka.

Sai yarinya, Allah ya raya ta. Abu na farko a cire maganar "ai na madara ne zasu fadi". Na gaba zasu fadi wajen shekara shida zuwa bakwai, amma na baya suna nan har shekara goma zuwa sha biyu, da su take tauna, sune suke rike wa na girma guri, kuma in ruba ta kai ga mugunya tana iya bata na girman da yake kwance a karkashi. Yaron da hakori yake masa ciwo baya cin abinci sosai baya barci, kuma sau da yawa baya iya fada, sai dai kaga yana tauna da gefe daya ko yana kin abu mai sanyi. Irin wannan bakin na hakoran gaba na sama yawanci daga fida ne da ake bari a baki yaro yayi barci da madara mai suga ko shayi ko lemo, sai alawa da biskit da tuwon madara da gullisuwa da ake siyowa a bakin islamiyya ana tsotsa yini guda.

A nan ne nake jin dadin cigaban da aka samu, dan ya dace damu. Akwai wani ruwa da ake kira SDF, hadin azurfa ne da fulorayid, wato sinadarin da ake sakawa a makilin mai karfafa hakori, digo daya ake dauka a dan karamin buroshi a shafa a ramin na minti daya, babu allura babu injin da yake kara, yarinya tana zaune a cinyar mahaifiyarta. Azurfar ta kashe kwayoyin cutar, fulorayid din ya taurara wajen, rubar ta tsaya. Abin mamaki shima daga Japan ya fito, tun wajen 1970 suke amfani dashi, Amurka bata karbe shi ba sai 2014, kuma binciken da aka tattara ya nuna yana tsayar da kusan takwas cikin goma na ramukan hakoran yara, musamman in ana maimaitawa sau biyu a shekara. Aibinsa daya kuma dole na fada maka, wajen da ya rube zai koma baki kirin kuma bazai goge ba har hakorin ya fadi. A hakoran baya babu wanda yake damuwa, a na gaba sai kunyi shawara da mahaifiyarta, ana iya rufe bakin daga baya da farin ciko. Kuma baya aiki in ruba ta riga ta kai jijiya ko akwai dan kurji a dasashi yana fitar da mugunya.

Bayan shi akwai wani ciko fari da ake kira gilas ayonoma, yana manne wa hakori da kansa yana sakin fulorayid a hankali. Hanyar saka shi da kayan hannu kawai ba tare da lantarki ba a Tanzaniya aka kirkiro ta a tsakiyar shekarun 1980, wani likita dan Holan mai suna Jo Frencken, saboda kauyukan da babu wuta babu kujerar hakori, yau kuma har kasashen da suke da komai suna amfani da ita ga yara da tsofaffi. Akwai kuma hular karfe da ake kifawa akan mataunin yaro ba tare da an kwakule komai ba, wata likita a Sukotlan ce ta fara, rubar ta rasa iska da abinci ta mutu a ciki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka SDF da gilas ayonoma da makilin mai fulorayid a jerin muhimman magungunan da tace ya kamata kowace kasa ta tanada. Wannan a ganina yafi labarin allurar tsiro da hakori muhimmanci sau dari ga yaran Kurna da Dorayi da Brigade, abu ne da ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya yi a karamin asibitin unguwa ko a makarantar firamare, kuma ina fatan ranar da zan ga ana yin sa tare da rigakafi.

A gida kuma abinda zakuyi mai sauki ne. Ka juya kwalin makilin ka duba, ka nemi wanda aka rubuta fulorayid 1000 zuwa 1500 ppm, wasu na yara masu kamshin alawa basu kai haka ba. Yaro kasa da shekara uku kamar kwayar shinkafa ake saka masa, ita mai hudu kamar karamar kwayar wake, sau biyu a rana kuma na dare yafi muhimmanci dan miyau yana raguwa in anyi barci, babba ne zai goge mata har ta kai kamar shekara bakwai. Sannan abinda kusan kowa yake kuskure, in an gama a tofar kawai kada a kuskure baki da ruwa, in ka kuskure ka wanke maganin da ka saka. Kai ma haka zaka dinga yi. Kuma ka sa ido wajen shekara shida, mataunin girma na farko yana fitowa can baya ba tare da wani ya fadi ba, iyaye suna daukarsa na madara ne su kyale shi ya rube, shine hakorin da nafi cirewa matasa.

Asuwaki kuwa kada ka bari, sunna ce, hadisin ya tabbata cewa Manzon Allah SAW yace ba dan kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace sallah. Binciken da akayi akan icen arak ya nuna in an iya amfani dashi yana cire datti kusan kamar buroshi, kuma yana da sinadaran da suke hana kwayoyin cuta yaduwa, namu na darbejiya da marke suma ba baya ba. Sai dai baya bada fulorayid din da ake bukata kuma yana wahalar kaiwa bayan matauni, dan haka ni abinda nake cewa mutane shine asuwaki da rana lokutan sallah, buroshi mai laushi da makilin safe da dare, a dinga yanke bakin asuwakin, kuma kada a dirje da karfi har dasashi ya janye. Gawayi da toka da gishiri da bakin soda da ake tallar su na sa hakori fari, kankare bawon suke yi, shi kuwa bawon hakori in ya tafi baya dawowa. Ana ta bincike akan yadda za'a sake gina shi, a Ingila ma a 2017 wasu a Kings Kwalej ta Landan sun sa hakorin bera ya cike raminsa da kansa da wani magani, duk da cewa bangaren ciki ne ya ginu ba bawon ba, amma duk wadannan suna dakin gwaji tukuna.

Tunda maganar bakin yara muke, akwai abinda bazan iya wucewa ban fada ba ko da bai shafi 'yarka ba, cutar noma, zaizayar baki. Mu a arewa maso yamma mun santa, asibitin yara masu noma dake Sakkwato tun 1999 yake aiki. Tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida da tamowa ta raunana, sau da yawa bayan kyanda ko zazzabi, tana farawa da dan gyambo a dasashi da jini da warin baki mai karfi, kumatu ya kumbura, cikin sati biyu ta huda fuska, kuma in ba'a yi magani ba tara cikin goma basa rayuwa. Wanda ya taba ganin yaron da ta bari da rai bazai manta ba. Amma a matakin farko antibayotik da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, a nan ne antibayotik yake da gurbi na gaskiya. Najeriya ce ta jagoranci kasashe wajen neman a saka ta a jerin cututtukan da duniya tayi sakaci dasu, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. In kana da 'yan uwa a kauye ka gaya musu, yaro mai rama da warin baki da jini a dasashi ba na jike-jike bane, a kawo shi ranar.

Sauran abubuwan da kake gani a bidiyo, na'urar da take daukar hoton baki maimakon cusa maka kullu, injin da yake buga hakorin roba, kwamfuta mai kirkirarriyar basira da take nuna rami a hoton eksire wadda Amurka ta fara amincewa da irinta a 2021, duk suna nan kuma wasu sun fara shigowa manyan kilinik a kasar nan, suna saukaka aiki amma basa canza abinda na fada maka. Dashen hakori na karfen titaniyom shima ba sabo bane, tun 1965 aka fara a Suwidin, yana da kyau kwarai amma yana da tsada, kuma ga mai sugan da bai daidaita ba ko mai shan taba yana iya kin kamawa. Cikon nan mai kalar azurfa da kusan rabinsa zaiba ne ana ta janye shi a duniya saboda gurbata muhalli, Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025, amma in kana da tsoho a baki lafiyarsa kalau kada ka bari wani ya tsorata ka ya kwakule shi. Haka hakorin Makka, in an kifa shi bai zauna daidai ba abinci yana shiga karkashi ya rubar da lafiyayyen hakori a boye, wanda yake dashi ya dinga kaiwa ana dubawa.

To ga abinda nake so kayi satin nan. Ka karya da safe ka sha maganin sugan ka kamar kullum, kada kazo da yunwa, ka dauko sakamakon awon ka na karshe da kwalayen duk magungunan da kake sha har wadanda ka siya a kemis. Kaje bangaren hakori na Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ko kilinik mai zaman kansa da ka tabbatar likitan hakori ne mai rajista a ciki. Kace a dauki hoton hakorin kafin a taba shi, ka tambaya kai tsaye ko za'a iya cetonsa kuma ta wace hanya da nawa, ka ce a duba maka dasashi gaba daya ba wannan hakorin kadai ba. In bayan an duba ance babu yadda za'ayi sai cirewa, to a cire, ka tambayi abinda za'a saka a gurbin. Ka taho da yarinyar da mahaifiyarta rana daya, ka tambaya ko suna da SDF ko fulorayid na shafawa.

In kuma kafin ranar kaga fuska ta kumbura, ko kasan habarka ya dauri, ko baki ya ki budewa, ko hadiyar miyau tana maka wuya, ko zazzabi ya rufe ka, to kada ka jira gari ya waye, irin wannan kumburin a mai suga yana iya toshe numfashi cikin awanni, a sa ka a mota a wuce dakai emajensi ko karfe nawa ne. Allah ya baka lafiya ya raya mana yarinya.